Saba'in da Bakwai a Kowane Gurbi

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 7:40 na safe

Ruwa tun asuba. Duk da haka na buɗe shago da wuri, don ban ga amfanin zama a gida ana bi na da ido ba. Matata, Maman Loyis, ta ajiye mini shayi.

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya bayan sujada ba. Aikina zan rubuta, ko da wata rana wani zai buɗe littafin nan ya so sanin wane ne Fredrick Datong. Sakandare na tsaya, kuma lissafi ne ya kayar da ni. Na fara da gyaran rediyo a baranda, na koma wayar hannu, na koma kwamfuta. Rubuta manhaja kuwa a wannan shagon na Tudun Wada na koya wa kaina, tsakanin kwastoma da kwastoma. Babu malamin da zai ce shi ya koya mini.

A cikin kwamfuta akwai uwar manhaja da ake kira kenel, ita ke raba wa kowa aiki. Masu rubuta ta suna warwatse a duniya, da imel suke magana, a zaure ɗaya da kowa ke karantawa. A cikin firosesa kuma, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, akwai wasu aljihuna masu faɗi, rajistocin bekta. Kamar kiret ɗin ƙwai suke, gurabe a jere, kowane gurbi da lambarsa. In manhaja ta rikice, mai gyara yakan tsayar da ita cak da wani kayan aiki mai suna dibaga, ya leƙa aljihunan, ya canza abin da ke ciki, ya sake ta ta ci gaba. Kenel ce ke buɗe masa wannan ƙofa. Gwajin da ke duba ƙofar, ni na rubuta shi. Ya tsayar, ya zuba lamba, ya saki, ya duba ko abin da aka zuba shi ne ya isa. Shekara biyu ke nan da suka karɓe shi.

Na gudanar da shi yanzu. In lafiya ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja. Ya wuce. Kore.

Litinin, ƙarfe 3:15 na yamma

Na manta ban rubuta ba. Yawancin injinan da suke gwaji da su gurbi sha shida ne. Ɗan bod ɗin da suka aiko mini a kwali, wato ƙaramar kwamfutar gwaji, talatin da biyu ne, kuma masu irinsa ba su da yawa. Shi ya sa a watan Yuni, da wani ya kawo faci, wato ɗan gyara a kenel, don ƙofar ta ƙara sauri, mai kula da sashen ya ce sai Datong ya gwada. Na gwada, ya wuce, aka rubuta sunana a ƙarƙashin facin a matsayin wanda ya tabbatar. Ranar Lahadi 24 ga wata za a saki sabuwar kenel ga duniya, da facin, da sunana.

Wannan na nuna wa mutane jiya. Ban ga laifin mutum ya nuna sunansa ba.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Nwabueze, maƙwabcina mai sayar da caja da batir, ya leƙo da gyaɗa a hannu. Yana cikin waɗanda suka ci abinci da mu ranar Lahadi.

"Oga Injiniya, yaya sanyi? Yarinyarmu ya kira?"

Na ce ina aiki.

"Na gani kana aiki. Ni tambaya na yi."

Na ce Loyis ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da huɗu, tana da digirin kwamfuta da ofis da ɗakin haya a Daɗin Kowa, in tana son kira tana da waya. Ya ce haka ne, ni ma ina da waya, har shi ya sayar mini da cajarta. Ya bar mini gyaɗar ya fita.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Ya wuce. Kore.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 1:30 na rana

Wata mata ta kawo tsohuwar waya da ta daina caji. Da na buɗe sai na ga 77 a karce a bayan murfin, ƙanana, a kusurwa. Aikina ne na shekara takwas ko tara da suka wuce. Na nuna mata, ta yi dariya ta ce ashe gida ta dawo.

Tun zamanin rediyo nake yin haka. Shekarar haihuwata ce. Duk abin da ya bi ta hannuna sai na karce masa ita da bakin allura, saboda wasu kan kai wa wani ya ɓata, su dawo su ce ni ne. Da na fara rubuta gwaji, aka ce in zaɓi lambar da za a zuba a guraben. Wace lamba zan zaɓa? Ko'ina a duniya aka gudanar da gwajin nan, 77 ce ke shiga kowane gurbi a cikin firosesa. Babu wanda ya taɓa tambayata dalili. Manyan masu digiri uku-uku sun karanta, sun sa hannu.

Tambayar da aka yi mini ranar Lahadi ita ce, wai in duk ƙwan kiret iri ɗaya ne, ta yaya zan gane an sauya musu gurbi. A gaban baƙi. Loyis, da cokali a hannunta.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe 9 na safe

Kore.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Ƙanƙara ta sauko da rana, ba kwastoma. Na ja ƙofar shago rabi.

Don in rufe maganar kawai, na kwafi gwajin gefe, na cire 77, na sa lambobi a jere. Ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, har talatin da biyu. Na gudanar.

Abin da ya dawo: ɗaya zuwa sha shida, sannan ɗaya zuwa sha shida kuma.

Na sake. Haka.

Na goge kwafin. Na gudanar da nawa na asali. Kore.

Bod ɗin nan ya sha sanyi da laima wata uku. Ba mamaki wata ƙafa ta saki.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe 2 na rana

Sujada. Wurin da Loyis take zama kusa da mawaƙa wata ce ta zauna. Maman Loyis ta ce wai ta je wata majami'a kusa da gidanta saboda ruwa. Ba a yi ruwa yau ba.

An dafa gwate. Ya yi yawa wa mutum biyu.

Litinin, 11 ga Agusta, ƙarfe 5:20 na yamma

Na shiga keke zuwa kasuwar Dilimi na sayo sabuwar wutar bod da katin ajiya. Na duba kowace ƙafa da madubin ƙara girma, na sake narka dalma a wurare huɗu da ba su ma buƙata. Na goge, na busar, na haɗa. Aiki mai tsabta, ko wa ya gani zai yarda.

Na sake rubuta kwafin da na goge. Ɗaya zuwa sha shida, ɗaya zuwa sha shida.

Sai na cire facin watan Yuni na gwada da tsohuwar kenel. Ɗaya zuwa talatin da biyu, lafiya lau.

To. Bod ɗin ƙalau yake. Facin ne ke ɗaukar rabin farko ya maimaita shi a kan rabi na biyu. Mai gyaran da ya zuba lamba ta dibaga zai ɗauka abin da ya zuba ne ya shiga, alhali rabi ya ɓata, ya kwana uku yana neman laifi inda babu. Ni kuwa 77 a kan 77 nake ta kwatantawa.

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Ban kunna bod ba. Na gyara waya shida.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 12 na rana

Na gaya wa Nwabueze, ba duka ba, amma ya gane. Ya zauna a kan benci yana jujjuya makullin shagonsa.

"Mutum nawa ya san wannan abu?"

Na ce ni.

"Da?"

Na mayar da kai kan wayar da nake gyarawa.

"To kai da gida ke nan. Turawan ba su gani ba?"

Na ce ba Turawa ne kaɗai ba, akwai 'yan Sin da 'yan Indiya da kowa, kuma ba su gani ba saboda gwajina suke dogara da shi.

"Oga, ni ɗan kasuwa ne, bari in gaya maka. In kaya ya fita da matsala, kana jira kwastoma ya dawo. Wani ba ya dawowa ma. In ya dawo ka ce kai, bari in duba. Wa ya ce ka bi shi gida da ƙararrawa?"

Na ce sunana ne a ƙasa.

"Sunan mai facin fa? Ba shi ya ɓata ba?"

Shi ya ɓata. Amma shi bai ce ya gwada a gurbi talatin da biyu ba. Ni na ce. Wannan ban faɗa wa Nwabueze ba, na ce masa zan yi tunani. Da zai fita ya juyo ya ce shi dai a ganinsa maganar inji mai sauƙi ce, ɗayar ce ba ya so ya sa baki. Na ce to kar ya sa.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe

Akwai hanya ta uku. In aika gyaran gwajin shiru, in kira shi tsaftacewa, bayan an saki kenel. Gwajin zai yi ja a wurin wani, a kama facin, a ce gwajin Datong ne ya kama. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Kwana goma ya rage.

Alhamis, ƙarfe 4:45 na yamma

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na sake dubawa.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na safe

Maman Loyis tana fere dankali a tsakar gida, ina wanke fuska.

"Baban Loyis, jiya na je Daɗin Kowa."

Na ce madalla.

"Ta rame."

Na ce aikin ofis ne.

"Ta tambaye ni ko kana shan maganin hawan jininka. Na ce ta tambaye ka da kanta. Ta ce ba ta san ko har yanzu tana da izini ba."

Na ce ban hana kowa komai ba.

Ta ajiye wuƙar. Shekara ashirin da shida muna tare, ban cika ganin Firisila ta ajiye aiki don ta yi magana ba. Ta ce, "Ni ban san bekta ba, ban san kenel ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma a gaban Ubangiji za ka amsa. Gaskiya ta faɗa ko ba gaskiya ba?"

Na ce ruwan ya huce, a ƙaro mini na zafi.

Ta ƙaro. Ba ta sake tambaya ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe 3 na yamma

Mako ɗaya.

Bari in rubuta, tun da littafina ne. Da Loyis ta yi tambayar ranar nan, baƙi suka yi dariya, ba da mugunta ba. Na ce mata digiri takarda ce, da takarda kuma ake ƙunshe ƙosai. Aka ƙara dariya. Ta ce, "Baba, ba raini ba ne, gwadawa kawai za ka yi, minti biyu." Sai na ce in ta ga ta fi ni sani, ta je ta nemi uban da ya yi jami'a.

Ba wanda ya yi dariya. Ta kai kwanonta kicin, ta wanke, ta ɗauki jakarta, ta gaishe da baƙi ɗaya bayan ɗaya.

Minti biyu ta ce. Da na gwada, bai kai ba.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 9:10 na safe

Na fara wasiƙar zuwa zaure. Turancina na aiki ne, gajere, sun saba da shi.

Ta farko ta ce, na lura da wata matsala. Na goge.

Ta biyu ta ce, an jawo hankalina ga wata matsala. Wannan irin rubutun ma'aikatan gwamnati ne. Na goge.

Ta uku tana nan. Ta ce gwajin da na rubuta yana zuba lamba ɗaya a kowane gurbi, don haka ƙila ba ya ganin inda aka maimaita rabi. Ta ce facin Yuni yana ɓata rabin sama a inji mai gurbi talatin da biyu, ga shaida. Ta ce a cire sunana daga ƙarƙashinsa, kuma kar a sake shi haka. Na haɗa gyaran gwajin.

Ban aika ba.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 11:30 na safe

A ƙa'idar zauren, duk gyaran da aka aika yana da layuka a ƙasa. Layin wanda ya rubuta, layin wanda ya gwada, da layin wanda ya fara gano matsalar. Wannan na ƙarshe ba dole ba ne, ana iya barinsa. Amma in za ka sa, sai da cikakken suna da adireshin imel, kuma sai mai sunan ya yarda. Na taɓa ganin mai kula da sashen ya mayar wa wani babban injiniya da facinsa saboda ya sa sunan mutum bai tambaye shi ba.

Na rubuta Loyis Datong. Na tsaya.

Ban san imel ɗinta ba. Na san na mutum arba'in a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Na duba wayata, na duba tsoffin takardun makarantarta da ke cikin durowa, wanda na samu na jami'a ne, an rufe shi tun da ta gama. Uwarta ba ta da shi, kuma ko da tana da shi, yardar fa?

Ana iya barin layin. Na faɗa.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 1:05 na rana

Na jira lokacin hutunsu na ofis, na kira Loyis. Ta ɗauka a ƙara na huɗu.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya. Yaya aiki?"

"Da godiya. Lafiya dai? Mama ce?"

"Mamanki ƙalau. Imel ɗinki nake so."

Ina jin hon ɗin keke ta wajenta.

"Me za a yi da shi?"

"Zan sa a wasiƙa. Sai kin yarda ake sawa."

"Wace wasiƙa?"

Na gaya mata. Ɗaya zuwa sha shida, sau biyu. Na ɗauka za ta ce ai ta faɗa. Cewa ta yi, "Ka cire facin ka gwada da tsohuwar?" Na ce na yi. "Ka sauya girman bektan a tsakiya ka gani?" Wannan ban yi ba. Na ce zan yi.

Ta ce in karanta mata wasiƙar. Na karanta, a tsaye, Nwabueze yana bakin ƙofa yana yi kamar yana gyara allon shagonsa. Da na gama ta ce, "Cire ƙila."

Na ce haka ake rubutawa a zauren, don ladabi.

"Baba, ƙila ne ko ba ya gani?"

Na ce ba ya gani.

"To."

Na cire. Ta karanto mini adireshin harafi-harafi, na maimaita mata. Sai na ce mata maganar da na yi ranar nan ba ta da kyau, kuma ba ni da wata 'yar da ta wuce ta, ita ma ba ta da wani uban, haka Allah ya haɗa mu. Ba haka na shirya faɗa ba, amma haka ya fito. Ta ce ta ji. Ta ce hutunta ya ƙare. Kafin ta kashe ta ce, "Kana shan maganin?" Na ce ina sha. Na sha bayan mun gama.

Laraba, ƙarfe 2:40 na rana

Na aika. Mutum dubu nawa ke karanta zauren, ban sani ba.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 8 na safe

Ba amsa daga zaure. Na gyara waya uku, ɗaya sai da na sake buɗewa.

Alhamis, ƙarfe 4 na yamma

Mai facin ya amsa, ya ce ya gani, laifinsa ne, layi ɗaya ya manta. Wani da ban sani ba ya rubuta cewa abin mamaki ne gwaji irin wannan ya shekara biyu ba wanda ya duba. Bai ambaci sunana ba. Ba sai ya ambata ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 10:20 na safe

Mai kula da sashen ya amsa. Mutum ne mai rowar kalma, a shekara biyu ban taɓa ganin ya wuce layi biyar ba.

Ya ce an janye facin daga sakin ranar Lahadi. Ya ce an karɓi gyaran gwajin. Ni abin da ya ce mini ke nan, ba yabo ba zagi. Sannan ya ce, Loyis, mun gode, kama mai kyau. Ya ce akwai sauran gwaje-gwaje goma sha ɗaya da Datong ya rubuta a sashen, ko za ta samu lokaci ta bi su da irin wannan idon?

Na karanta sau uku. Na fita na tsaya a baranda. Nwabueze ya ce yaya, an kore ka? Na ce a'a, an ɗauki mai duba aikina. Ya ce wa? Na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya riƙe ƙofa, ya ce wannan kam ko shi ba zai iya yi mini ragi ba.

Loyis ta amsa musu kafin azahar. Layi biyu. Ta ce za ta duba, amma a bod ɗin mai talatin da biyu, kuma yana shagon mahaifinta.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 9:30 na safe

Na share shago, abin da ban saba yi ranar Asabar ba. Maman Loyis ta aiko da kunun acca a fulas, kofi biyu.

Loyis ta sauka daga keke da kwamfutarta a jaka da lema a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Ta gaishe da Nwabueze, ya ce, "Oga madam, a yi masa a hankali, tsoho ne." Ta ce ba ta yi alkawari ba.

Na kunna bod. Na ce mata kafin mu fara, a cikin gwaje-gwajen, na huɗu da na tara ni ma ban yarda da su ba, sauran kuwa ina tsaye a kansu. Ta ciro biro da takarda ta rubuta ɗaya zuwa sha ɗaya a jere, ba ta sa wa ko ɗaya alama ba.

Ta ce, "Baba, buɗe na farko."

Na buɗe.